Sayen tsohon gidan jere a biranen Ingila: daga tayi zuwa makulli

Wanda ya taɓa ratsa Longsight ko Levenshulme a Manchester, ko Harehills a Leeds, ko Small Heath a Birmingham, ya san irin gidajen da nake nufi. Dogon layi ne na jan bulo, gida manne da gida, ƙofa kusa da ƙofa, babu tazarar da ko kyanwa za ta ratsa. Turawa na ce musu teras, mu kuwa mu ce gidajen jere. Akasarinsu an gina su ne a zamanin Sarauniya Victoria, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, domin ma'aikatan masaƙu da masana'antu. Bayan dokar lafiyar jama'a ta 1875 hukumomin birane suka samu ikon ƙayyade wa magina faɗin titi da tagogi da magudanar ruwa, shi ya sa gidajen suka fito kamar da hatimi ɗaya aka buga su.

Su ne gidajen da ƙarfin yawancinmu ke kaiwa idan mun gaji da biyan haya. Ni ma irinsa na saya, na dace a wasu wuraren, na sha kashi a wasu. Abin da na koya shi ne, a gidan da ya haura shekara 120, sabon fenti da kicin mai sheƙi ba su ne cinikin ba. Abu uku ake saye: bango, rufi da takarda. Bayanin nan na Ingila ne, domin tsarin Scotland daban yake.

Mataki na 1: Ka san nauyin aljihunka kafin ka leƙa gidan kowa

Bankuna kan ba da bashin gida da ya kai ninki 4 zuwa 4.5 na albashin shekara, kai kuma ka kawo kafin alƙalami na kashi 5 ko 10 cikin 100 na kuɗin gidan. Wanda yake kan bizar aiki, bai samu izinin zama na dindindin ba, wasu bankunan sukan nemi ya kawo fiye da haka, wasu ma ba sa sauraronsa sam. Saboda haka ka fara samun takardar amincewa ta wucin gadi, wadda ke nuna iya abin da za a iya ba ka. Dillalan gidaje ba sa ɗaukar mai tayi da muhimmanci idan babu ita a hannunsa.

Mai gudun riba yana da hanya. Akwai cibiyoyi irin su Gatehouse Bank da StrideUp da ke yin tsarin musharaka: ku sayi gidan tare, kana biyan haya a kan kasonsu, kana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan har ya zama naka. Tun 2003 aka gyara doka yadda ba a biyan harajin sayen gida sau biyu a irin wannan ciniki. Sau da yawa ya fi bashin banki tsada, kuma malamai sun yi saɓani a kan wasu sharuɗɗansa, don haka ka karɓi takardun ka kai wa malamin da ka yarda da shi tun da wuri.

Sai harajin sitam, wato harajin sayen gida, inda 'yan'uwanmu da yawa ke faɗawa rami. Daga 1 ga Afrilu 2025, ba a biyan komai a kan fam 125,000 na farko, ana biyan kashi 2 daga nan zuwa 250,000, sai kashi 5 a kan abin da ya haura har zuwa 925,000. Wanda bai taɓa mallakar gida ba an yafe masa har 300,000, muddin gidan bai wuce 500,000 ba. To amma a wajen hukumar haraji, rashin taɓa mallakar gida yana nufin ko'ina a duniya, har da wanda aka gada. Idan kana da gida a Kano ko Damagaram, ko kason gidan gado ya faɗo maka, rangwamen na iya kuɓuce maka. Idan kuwa har yanzu kana riƙe da wani gidan da darajarsa ta kai fam 40,000, akwai ƙarin kashi 5 a kan kuɗin gidan gaba ɗaya. Ɗauki gidan fam 180,000: sabon shiga ba ya biyan ko sisi, wanda ya taɓa mallaka ya sayar zai biya 1,100, wanda ƙarin ya hau kansa zai biya 10,100. Ka gaya wa lauyanka gaskiya tun ranar farko, shi zai duba ko dokar ta kama ka. Ɓoyewa rantsuwa ce a kan ƙarya, kuma sa hannunka ne a takardar.

Kuɗin kafin alƙalamin ma sai an ga asalinsu. Dokar hana halasta kuɗin haram ta ɗora wa lauya wajibin bin sawun kowane fam. Kwasar adashe da ta shigo asusunka daga mutum goma ba tare da wani rubutu ba za ta tsayar da ciniki cak. Idan kuna adashe, ku rubuta sunaye da zubi da ranar kwasa, komai ya bi ta banki. Idan Baba ne ya sayar da fili ya turo, a ajiye takardar cinikin da shaidar canjin kuɗi, shi kuma ya sa hannu cewa kyauta ce ba rance ba.

A ƙarshe ka ware kuɗin lauya, da na safiyo mai duba lafiyar gini, da na kwasar kaya, da wani abu na gyara wanda ba za ka taɓa ba. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a kafin alƙalami, damina ɗaya za ta kunyata shi, kuma a ƙasar nan damina ba ta da wata.

Mataki na 2: Unguwa, da abin da za ka iya sani daga kan kujerarka

Larabawa na cewa maƙwabci kafin gida, kuma babu inda maganar ta fi zama daidai kamar gidan jere. Tsakaninka da na kusa da kai bulo ne na inci 9, wani lokaci ma bai kai ba. Za ka ji tarinsa, zai ji kukan jaririnka. Ka je layin da safe, ka koma bayan isha, ka sake komawa daren Asabar. Ka duba ko akwai wajen ajiye mota, domin waɗannan tituna an shata su ne tun ba a san mota ba, wasu kuma sai da takardar izinin kansul, wato ƙaramar hukuma. Ka zagaya lungun baya: idan ya cika da tsofaffin katifu da buhunan shara, ka ga halin layin. Ƙararrawa huɗu ko biyar a ƙofa ɗaya alama ce ta gidan da aka yanka ɗaki-ɗaki ana haya, mutanen ciki suna sauyawa kowace shekara. Masallaci, makarantar yara da shagon naman halal kuwa ba sai na tuna maka ba.

Kafin ka kira dillali, abubuwa huɗu suna nan a intanet. Farashin da aka sayar da kowane gida a layin tun 1995 a buɗe yake, daga hukumar rajistar filaye, HM Land Registry, kuma shafukan tallan gidaje irin su Rightmove da Zoopla suna nuna shi. Takardar mallakar gidan kanta za ka iya saukewa da fam 7, ka ga sunan mai shi da irin mallakar. Takardar EPC, mai auna yadda gida ke riƙe ɗumi daga A zuwa G, kyauta ce, kuma tsofaffin gidajen nan galibi a D ko E suke. Sai taswirar ambaliya ta gwamnati. Awa ɗaya a kan waɗannan ta sha hana ni ɓata ranar hutu.

A Leeds ka lura da wani nau'i na daban: gidan da bayansa ma manne yake da wani gidan, ƙofa ɗaya tak, babu tsakar gida ta baya. An hana gina irinsu a ƙasa baki ɗaya a 1909, amma Leeds ta ci gaba har 1937. Suna da araha, sai dai iska ba ta ratsa su, kuma ba kowane banki ke son ba da bashi a kansu ba.

Mataki na 3: Duba gida, daga tsallaken titi za ka fara

Dillali zai so ya shigar da kai falo kai tsaye. Ka ce ya ba ka minti biyar, ka tsallaka titi ka ɗaga kai. Doron rufin a miƙe yake ko ya lotsa a tsakiya? Asalin rufin waɗannan gidaje siraran falalen dutse ne, yawanci daga Wales. A shekarun baya mutane da yawa sun cire su sun ɗora tayil na kankare, wanda ya fi nauyi nesa ba kusa ba, ba tare da ƙara wa katakon ƙarfi ba. Sakamakon shi ne rufi ya durƙusa, ya tura bango waje. Ka kwatanta da rufin maƙwabta. Ka dubi bututun hayaƙi, ko ya karkata, ko ciyawa ta tsiro a kansa. Ka bi indararo da ido har ƙasa: koren zane a jikin bango yana nuna inda ruwa ya daɗe yana zuba.

Yanzu ka matso ka dubi jerin bulon. Idan kana ganin gajerun kawunan bulo a tsakanin dogaye, bangon cikakke ne, babu rata a cikinsa. Bango mai rata a tsakiya sai bayan shekarun 1920 ya yaɗu. A nan ne duk sirrin tsohon gida yake. Bulon da kwaɓin farar ƙasa da aka ɗaure shi da shi suna shan ruwa idan an yi sama, su sake shi idan iska ta kaɗa. Numfashi suke yi. Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Zariya ya ga abin da ke faruwa idan aka shafe ginin ƙasa da siminti: shekara biyu yana kyau, daga nan danshi ya taru a ciki, wata rana filastar ta ɓallo da rabin katangar. Haka yake a nan. Gidan da aka lulluɓe da siminti ko fenti mai kama da roba, ko aka cike tsakanin bulonsa da siminti mai tauri har fuskar bulon ta fara ɓarewa, an toshe masa hanci.

Ka sunkuya ka nemi bulo mai huji-huji a gindin bango. Daɓen ƙasa na waɗannan gidaje katako ne a kan rami, kuma ta waɗannan hujojin iska ke shiga ta hana shi ruɓewa. Idan an toshe su, ko an zuba kankare a tsakar gida har ya haura su, akwai magana. Wannan ne ya ci ni. Mai gidan da na saya ya ɗaga daɓen tsakar gida, ya manna allon filasta a bangon ɗakin baya, ya shafa farin fenti, kitso a kan ƙwarƙwata. Na shiga a watan Yuli komai tsaf. Kafin Disamba fumfuna ta fito a bayan kujera, katakon gindin bango ya yi laushi kamar burodi. Da na san in duba tsayin daɓen waje, da na gane tun ranar farko.

A ciki, hancinka ya riga idonka. Warin danshi ba ya ɓuya, sai dai a rufe shi da turare, don haka gidan da aka cika da ƙamshi kuma aka buɗe tagogi cikin sanyi ya sa ka ƙara lura. Ka taka kusurwar ɗaki da ƙarfi ka ji ko daɓen yana lilo. Ka shafa bango a ƙarƙashin taga da bayan labule. Idan akwai ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ka sauka da tocila ka dubi kawunan katakon da suka shiga bango. Ɗan sanyi da laima a can ba abin tsoro ba ne, don ajiye gawayin kwal aka yi shi. Ruwa kwance ko farin naman gwari a jikin katako shi ne abin gudu.

Sai ƙidayar murhu. Kowane ɗaki a da yana da murhu, da tudun bango da ya turo ciki ya hau har saman rufi. Mutane na rushe na ƙasa don falo ya ƙara faɗi, su bar na bene da na kan rufi. Idan ka ga tudun a ɗakin sama amma babu shi a ƙasa, tambaya ita ce me ke riƙe da wannan tarin bulo? Haka idan an fasa bangon da ya raba falo biyu. Duka biyun suna buƙatar ƙarfen tallafi da takardar amincewar masu duba gini na kansul. Ka tambaya, ka kuma rubuta don lauya.

Ka roƙi a buɗe maka ƙofar silin ka leƙa ƙarƙashin rufi. Hasken rana ta huji, katako mai baƙin tabo, duk za ka gani. Ka duba ko bangon da ya raba ku da maƙwabci ya kai har sama, domin a wasu tsofaffin layukan babu shi, mutum zai iya rarrafawa daga gida zuwa gida, wuta ma haka. Idan ka ga an fesa kumfa mai tauri a jikin katakon rufin, ka yi hattara, bankuna da yawa suna ƙin gida saboda ita.

Sauran na hannu ne. Ƙarƙashin wajen wanke-wanke akwai bututun da ruwa ke shigowa: idan toka-toka ne mai laushi, ka kankare shi da kwabo ya yi sheƙi, dalma ce, wadda aka daina sawa tun wajen 1970, kuma ba a son ta a gidan da ke da yara. Akwatin fis na katako ko mai waya a ciki yana nufin wayarin ɗin ya tsufa. Silin mai zanen tudu-tudu na iya ƙunsar asbestos, wani sinadari mai cutar da huhu idan ƙurarsa ta tashi, wanda sai 1999 aka haramta shi gaba ɗaya. Ba ya cutarwa idan an bar shi, amma kada a kankare sai an gwada. Ka tambayi shekarun boila, wato na'urar ɗumama ruwa da gida, da ranar da aka duba ta. A bayan gida kuma ka nemi wata ciyawa 'yar asalin Japan mai kara kamar gora da ɗigon ja, domin ganinta kaɗai na iya sa banki ya nemi shaidar ana maganinta kafin ya saki kuɗi.

Tsaga fa? Gidan da ya shekara 100 dole ya ɗan motsa, ƙofa ta karkace, daɓe ya gangara. Siririn layi a filasta ba komai ba ne. Wadda ake tsoro ita ce mai bin bulo kamar matakala, ta fi faɗi a sama, ana ganinta ciki da waje, musamman inda ginin kicin na baya ya haɗu da uwar gida ko a gefen tagar da ta turo gaba.

Mataki na 4: Tayi

Dillali ma'aikacin mai gida ne, daga hannunsa yake karɓar la'ada. Duk fara'arsa, kada ka gaya masa ƙarshen abin da za ka iya biya. Ka taya bisa farashin da aka sayar da gidajen layin a watannin baya, ba bisa abin da aka rubuta a talla ba. Idan ka fito daga haya, babu gidan da sai ka sayar, wannan ƙarfi ne, ka faɗe shi. Doka ta wajabta masa kai kowane tayi ga mai gida.

A kasuwarmu idan aka ce an sallama, magana ta ƙare. A Ingila ba haka ba ne. Har zuwa ranar musayar takardun yarjejeniya, mai gida na iya karɓar tayin wani da ya fi naka, ko da ka riga ka biya safiyo da lauya, kuma babu kotun da za ta saurare ka. Kai ma kana iya fasawa. Abin yi shi ne ka nemi a cire gidan daga talla da zarar an amince, ka kuma yi sauri. Gidan gwanjo kuwa, inda guduma na faɗuwa ka biya kashi 10 ka cika saura cikin kwana 28, ba na sabon shiga ba ne. Cinikin biri a sama ke nan.

Mataki na 5: Safiyo naka na kanka

Banki zai aiko a kimanta gidan, mutane da yawa su ɗauka an duba musu. Ba a duba ba. Bankin yana tabbatar wa kansa ne cewa zai fid da kuɗinsa idan ka gaza, wani lokaci ma daga kwamfuta ake yi ba a taka ƙafa ba. Kai ka ɗauki safiyo mai rajista da RICS, ƙungiyar ƙwararrun safiyoyi. Binciken nasu hawa uku ne, kuma ga gidan zamanin Victoria ni hawa na 3 nake ba da shawara, ko da kuɗinsa ya doshi fam 1,000 ko ya wuce. Na yi rowar wannan kuɗin na ɗauki hawa na 2, na biya ninkinsa a gyara.

Kafin ya je, ka aika masa jerin abin da ka gani. Bayan ya gama, ka kira shi a waya. A rubuce suna kare kansu, kowane shafi ja ne da gargaɗi, har mutum ya ji kamar gidan gobe zai rushe. A baki kuwa zai gaya maka abu biyu ko uku da suka dame shi da gaske. Ka tambaye shi kai tsaye: da kai ne, za ka saya a wannan farashin?

Idan rahoton ya ce a kira masanin danshi, kada ka kira kamfanin da ke zuwa dubawa kyauta. Wanda abincinsa ke cikin sayar da maganin da ake ɗura wa bango ba zai shiga gida ya ce lafiya lau ba. Na'urar da suke dannawa a bango ma don katako aka ƙera ta, gishirin da ke cikin tsohuwar filasta na sa ta yi kuka ko bangon a bushe yake. Ka biya mai zaman kansa wanda ba ya sayar da komai. Sau da yawa maganin bai wuce gyara indararo, sauke daɓen waje da buɗe hujojin iska ba. Nawa haka aka yi, bango ya bushe da kansa cikin 'yan watanni.

Da rahoto da kiyasin magina biyu a hannu, ka koma ka nemi ragi. Ragi a farashi ya fi alƙawarin mai gida cewa zai gyara, domin mai tafiya gyaran mai tafiya yake yi.

Mataki na 6: Lauya da abin da ke cikin takarda

Ka zaɓi lauyan da bankinka ya yarda da shi, wanda kuma ke ɗaga waya. Ba dole ba ne ka ɗauki wanda dillali ya nuna maka.

Tambaya ta farko: firihol ne ko lisihol? Na farko, gida da ƙasar da yake kai naka ne har abada. Na biyu, ƙasar ta wani ce, kai kana da wa'adi, kusan yadda takardar C of O ke ba da shekara 99 a Najeriya. A yankin Manchester da Lancashire da Sheffield gidajen jere da yawa lisihol ne na shekara 999, da kuɗin ƙasa na 'yan fam kaɗan a shekara, kuma wannan ba abin tada hankali ba ne. Wanda sauran wa'adinsa ya kusa shekara 80 ko ya gaza shi ne matsala. Akwai kuma wani tsohon kuɗin shekara da ke kan wasu gidajen firihol a Manchester da Bristol, wanda dokar 1977 ta ce yawancinsa zai mutu a 2037. Ƙanƙane ne, amma a tabbatar ana biya.

Na biyu, hanya. A layuka da yawa maƙwabci yana da haƙƙin ratsa tsakar gidanka ta baya ya fitar da kwandon shara. Ga iyalin da ke son sirri, mata su sha iska ba tare da lulluɓi ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba ka da ikon toshewa. Idan akwai ɗan lungu mai rufi tsakanin gida biyu, a duba na wane ne, da ɗakin wa ke samansa, domin ɗakin da ya hau kan filin wani yana da nasa hukunci a wajen banki.

Lauya zai yi binciken kansul, da na ruwa, da na muhalli, a yankunan da aka haƙi kwal kuma da na tsofaffin ramuka. Tun Oktoba 2011 magudanar ƙazanta da gidaje ke tarayya a kanta ta koma hannun kamfanin ruwa, wanda ya sauƙaƙa rigima, amma idan ta bi ta tsakar gidanka sai da izininsu za ka yi gini a kanta. Mai gida zai cike fom TA6, inda zai faɗi ko ya taɓa rikici da maƙwabta, da ambaliya, da gyare-gyaren da ya yi, sai TA10 na abin da zai bari da wanda zai kwashe. Ka karanta su da kanka, layi-layi. Tagogin da aka sauya bayan 2002 suna buƙatar shaida irin ta FENSA, mai rajistar masu sa tagogi, boila kuma ta ma'aikacin da ke cikin rajistar masu aikin gas, Gas Safe. Ɗakin da aka yi a ƙarƙashin rufi ba tare da takarda ba, ko an sa masa gado da kafet, a ido na doka ba ɗakin kwana ba ne, kada ka biya kuɗin ɗaki uku a kan biyu. Inda takarda ta ɓata za a ba ka inshorar kariya. Ita tana kare ka daga hukuma ne kawai, ba ta riƙe bulo.

Idan da mai ɗakinka za ku saya, za a tambaye ku yadda za a rubuta mallakar. A tsari ɗaya, wanda ya rage a raye shi ke ɗauke gidan duka, wasiyya ba ta da ta cewa. A ɗaya tsarin kowa na da kasonsa sananne, wanda za a raba bisa wasiyyarsa. Mai son a raba gadonsa bisa shari'a na biyun ne ya dace da shi, tare da rubuta wasiyya. Auren da aka ɗaura a Ingila a masallaci kawai, ba a yi masa rajista ba, yana iya zama doka ba ta san da shi ba, don haka a faɗa wa lauya wannan ma.

Mataki na 7: Musaya da makulli

Daga amincewa da tayi zuwa nan, wata uku ko huɗu abu ne da aka saba, ya fi haka idan mai gidan shi ma yana jiran wani. Kada ka ba mai gidan hayarka sanarwar tashi sai an yi musaya. Ranar musaya kake biyan kashi 10 bisa al'ada, lauya na iya neman a karɓi ƙasa da haka, kuma daga wannan rana fasawa asarar kuɗin ce. Inshorar gini ma daga ranar take farawa, ba daga ranar tarewa ba.

Kafin ka tura kuɗi, ka kira ofishin lauya da lambar da ka sani tun farko, a karanta maka lambar asusu da baki. 'Yan damfara suna kutsawa cikin imel su aiko da saƙo mai kama da na lauya cewa an sauya asusu. Ka fara tura fam 1, a tabbatar ya shiga.

Ranar da kuɗi suka isa, dillali zai kira ka ka karɓi makulli. Ka ɗauki hoton mitar wuta da gas da ruwa, ka sauya kwaɗon ƙofa, ka nemo inda ake kashe ruwan gida kafin ka buƙace shi da tsakar dare. Harajin sitam lauya ne zai biya a madadinka cikin kwana 14.

Sha'awar sabon kicin za ta taso, ka danne ta shekara guda. Rufi da indararo tukuna, sannan wayarin, sannan fanka mai zuƙe tururi a kicin da banɗaki. Girkinmu na tuwo da miya mai daɗewa a wuta, da shanyar kayan yara a kan hita, suna zuba ruwa a iskar gida fiye da yadda muke zato, kuma a bango mai sanyi yake sauka. Idan lokacin faɗaɗawa ya zo, gidan jere na iya ƙara mita 3 a baya ko kubik mita 40 a rufi ba tare da cikakken izinin tsara gari ba, sai dai in unguwar tana ƙarƙashin kariya ta musamman, amma masu duba gini dole su gani. Duk aikin da zai taɓa bangon tarayya kuma, dokar 1996 ta ce ka ba maƙwabci sanarwa a rubuce wata biyu kafin a fara. Ni da zan kai tawa takardar, na haɗa da kwanon dambun nama na ƙwanƙwasa wa tsohuwar da ke gefenmu. Ta sa hannu a tsaye a bakin ƙofa, sannan ta nuna mini inda indararonmu ya shekara yana zuba a bangonta.